Fankar Inna da Wutar Damagaram

Shekarar da yayata ta haihu a Damagaram, Inna ta daina kunna fanka. Ni na sayo mata fankar, don likita ya ce mai hawan jini irinta ba ta shiri da zafi. Duk wanda ya san Haɗeja da bazara ya san zancen. Kafin azahar ko ƙadangare ya nemi inuwa.

Rediyo ce ta jawo. Wata safiya muna shan koko, aka yi bayani cewa wutar lantarkin da ake samu daga ruwan madatsa a ƙasarmu ana sayar wa Nijar wani kaso, ta bi waya har garuruwansu. Mai bayanin ya ce wata rana su ma za su shimfiɗa farantan sola a rairayinsu, su turo mana tasu. Inna ta ajiye ludayi.

"Har Damagaram?"

"Har can, Inna," na ce. Ban san na jawo wa kaina aiki ba.

Inna 'yar fadama ce. Ta tashi tana ban ruwa a gonar albasar mahaifinta a bakin kogi, inda kowa ya san ƙa'ida: in fangalinka ya sha, sai ka toshe bakinsa da laka, ruwa ya wuce wa na ƙasa da kai. Haka ta ɗauki lantarki. In ta kashe tata a nan, sai ta gangara can. Ga shi Yaya 'yar fari ce, Inna ba ta kama sunanta, ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane. "Ta arewa" kawai take ce mata. Jaririn ma a hoton waya ta gan shi, ta kawar da kai, sannan ta saci kallo.

Sai in dawo daga makarantar da nake koyarwa in tarar an kawo wuta, abin da muke wuni muna roƙo, fanka kuwa tsit. Inna na kwance a tabarma, gumi ya jiƙe mata ɗankwali, idonta a lumshe. Ba barci take ba, rakiya take yi. A hankali take faɗin hanyar, kamar mai bin ayari. Ga wutar nan ta fita ƙofar gida. Ta haura saman fadama, ta wuce ciyawar kachalla da balbelu da masunta masu jefa birgi daga kwalekwale. Ta wuce garin Malam Madori. Ta kai kan iyaka, ba wanda ya tambaye ta takarda. Ta shiga wani ɗaki mai labule shuɗi, wanda Inna ba ta taɓa gani ba, ta juya fanka a kan yaro mai ƙurajen zafi a wuya. Wallahi wani lokacin ni ma sai in ga abin, wani siririn haske yana tafiya a kan ruwa da rana tsaka, ba ya sauri.

Amma raina yana ɓaci. In kunna, ta kashe. In kunna, ta jira in shiga wanka.

Ranar da ta miƙe za ta yi alwala jiri ya ɗebe ta, ta dafa bango ta sulale, ranar na fashe.

"Haba Inna! Wayar da ke zuwa Damagaram ko ta garin nan ba ta bi ba! Ko duk Haɗeja ta kashe fanka, ba abin da zai kai musu. Kashe kanki za ki yi a banza?"

Ba ta yi musu ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

"Ashe duk kwanakin nan ban aika komai ba," ta ce.

Na kunna fankar, ta bar ta. Kwana uku tana juyawa, Inna na zaune a ƙarƙashinta shiru. Jininta ya sauka. Idonta a buɗe yake, ba ta rakiyar kowa. Na yi nasara, kuma ban taɓa jin kunyar nasara irin wannan ba.

A rana ta huɗu bayan azahar Yaya ta kira. Muka gaisa, na miƙa wa Inna wayar, na buɗe murya. Kukan jaririn ya cika ɗakin.

"Akwai wuta wajenku?" Inna ta tambaya.

"Ina fa, Inna! Tun safe babu. Yaron nan ya ƙi barci, zafi kamar a murhu."

Inna ta miƙo min wayar. Ta ɗaga kai ta dubi fankar, ta sunkuyar.

Na san wayar wutar ba ta bi ta nan ba. Ni na faɗa, kuma gaskiya ce. Na tashi na kashe fankar, na ciro mafici daga bayan ƙofa, na zauna kusa da kanta ina yi mata fifita. Ta lumshe ido. Can na ga leɓenta na motsi, ta kai Malam Madori. Hannuna ya gaji, na sauya ɗayan, ban tsaya ba sai da aka kira la'asar.