Baba Shekari da Fasassun Tukwanen Malta

Baba Shekari Nathan ya yi rabin rayuwarsa a sashen saƙa na wata masaƙa da ke Kakuri, yana bin layin injuna da gwangwanin mai a hannu. Ƙarar injunan ta cinye masa kunnen hagu, shi ya sa in kana masa magana yake juyo maka da gefe kamar mai jin haushinka, alhali ba haushin kowa yake ji ba. Daga wajen Zonkwa ya zo Kaduna yana saurayi, ya auri Rhoda, suka gina ɗakuna uku a Makera, suka haifi 'ya'ya mata da duk suka yi aure suka watse. Ban da cewa yana son a bar abu a inda ya ajiye shi, babu wanda zai ce maka ga wani abin mamaki a tare da shi, har shekarar da sojoji suka koma bariki.

A lokacin kamfen, wani ɗan layinsu mai suna Benson, wanda a da tsofaffin tayoyi yake sayarwa, ya fito takarar kansila. Ya bi gida gida yana tambayar kowa abin da yake so. Baba Shekari ya ce shi kwalbati yake so a bakin layi, don da damina sai an naɗe wando kafin a fita coci. Benson ya ci zaɓe, ya zama Honarabul. Bayan wasu watanni ya dawo cikin mota, da hula mai tsayi.

"Baba, na zo maka da albishir."

"An kawo siminti?"

"Kwalbati ba ya cikin kasafin bana, Baba. Amma Urushalima tana ciki. An ba ni kujera ɗaya ta masu ziyara, na sa sunanka."

Baba Shekari ya juya masa kunnen dama, ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Rhoda, da ke gyaran wake a gefe, ta ce, "Ka karɓa, Baban Jemimah. In ka ƙi ma, ba kwalbatin ne zai zo ba."

Tsarin tafiyar shi ne a fara sauka a Roma, sannan a wuce Urushalima. Suna saman teku sai matuƙin jirgi ya yi wata magana da babu wanda ya ji sosai, matan zumuntar coci da ke cikin ayarin kuma suka kama waƙa da ƙarfi. Jirgin ya sauka lafiya a wani ɗan tsibiri na Bahar Rum. Fasto Matthew, shugaban ayarin, ya je ya tambayo, ya dawo fuskarsa na sheƙi. Ya ce sunan wurin Malta, kuma a nan ne jirgin ruwan Manzo Bulus ya farfashe. Nan take tsoro ya koma murna. Har wata mata ta je ta yi wa matuƙin godiya don ya lalata jirgin a wurin da ya dace.

Ƙarfen da ya lalace a jirgin sai an kawo madadinsa daga wata ƙasa. Aka zuba su a otal. Masu otal ɗin suka jure waƙar safe a baranda, suka jure shanyar zannuwa a tagogi, amma ranar da aka kama wata tana tuƙa tuwo a banɗaki sai suka ɗauko bas, suka ce kullum za a riƙa kai baƙin yawon gidajen tarihi, tunda tsibirin na da su da yawa.

Baba Shekari bai taɓa shiga gidan tarihi ba. Ya san akwai ɗaya a tsallaken kogi a Kaduna, amma ya ɗauka ofis ne. Da suka shiga na farko, abin da ya fara gani shi ne akwatin gilashi, an kunna fitila a ciki, kuma abin da fitilar ke haskawa fasasshiyar tukunya ce. Turawa sun kewaye ta suna magana ƙasa ƙasa kamar a gidan makoki.

"Fasto, wa ya fasa ta?"

"Ba a sani ba, Baba. An ce ta yi shekara dubu biyar."

"Kuma har yau ba a share ba?"

Fasto ya ce ai ba shara ba ce, tarihi ne. Baba ya ƙara leƙawa. A ɗaki na gaba ya ga gunkin dutse mai manyan cinyoyi, ba kai. Ya tambaya ina kan, aka ce ba a same shi ba. Ya tambaya ko ana kan nema, aka ce a'a. Wannan ya dame shi har lokacin cin abinci.

Washegari aka kai su inda aka jera sulken mayaƙan da, mutane na ƙarfe tsaye layi layi, ba kowa a ciki. Baba ya gaida na farkon kafin ya gane. Ya ce wanda duk ya sa wannan kaya a Kaduna a watan Maris, ba sai abokin gaba ya wahala ba, a kwano za a kwashe shi.

A can ya haɗu da mai gadin ɗakin, wani dattijo mai suna Karmenu, wanda Baba ya mayar Karimu. Mai gadin yana ƙirga baƙi da harshensu, sai Baba ya ji ya ce "hamsin". Ya matsa ya kara kunnen dama. Ya ji "sittin". Ya tambaye shi da Turancin masaƙa me suke kiran Ubangiji, mutumin ya ce "Alla". Ranar Alhamis kuma "Hamis". Daga nan Baba ya ajiye Turanci, ya kama Hausa tsantsa. Ya ba shi labarin masaƙa, da ciwon gwiwar Rhoda, da halin 'yan siyasar yanzu. Karmenu yana gyaɗa kai, shi ma yana ba da nasa labarin da harshensa. Suka daɗe a kan benci ɗaya. A bas Baba ya sanar wa ayari cewa mutanen nan Hausawa ne da suka ɓata tun da daɗewa, sun manta komai sai ƙirga da ranakun mako da sunan Allah. Fasto ya fara bayanin Larabci, Baba ya juya masa kunnen hagu.

Gidan da ya fi taɓa shi shi ne na kayan mutanen ƙauye. A nan ya ga masaƙar hannu, da fitilar mai, da dutsen niƙa, an ja igiya a gabansu, an rubuta kada a taɓa. Dutsen niƙan sak irin na mahaifiyarsa, wanda ya ɗauko daga gida bayan rasuwarta, yake kuma yashe a bayan banɗaki kaji na hawa. Ya tsaya a gaban igiyar har aka zo aka kira shi.

Jirgi ya gyaru. Suka je Roma, suka je Urushalima, suka ga Kogin Urdun, suka dawo. Ranar Lahadi aka kira Baba Shekari gaban jama'a ya ba da shaidar Ƙasa Mai Tsarki. Ya ce Urushalima tana nan lafiya. Sannan ya shiga maganar tukwane, da gunki marar kai, da Karimu, har mai ganga ya fara taɓa ganga a hankali don ya tuna masa akwai huɗuba.

A makon ya kwashe kayan ɗakin gaba. Ya wanke dutsen niƙa ya ɗora a kan tebur. Ya kawo randar da ta tsage, da tsohon takalminsa na aiki, da ƙoshiya, wato ɗan katakon da ke kai zare ya dawo a injin saƙa. Ya ga ɗakin bai cika ba, sai ya shigo da turmi da taɓarya. Ya kwance igiyar shanya ya ja a gabansu. A ƙofa ya sa aka rubuta: Gidan Tarihin Makera.

Rhoda ta dawo daga kasuwa ta tarar turminta na bayan igiya.

"Baban Jemimah, sakwara zan daka."

"Ba a taɓawa."

"Turmina ne."

"Da naki ne. Yanzu na jama'a ne."

A ranar garin rogo suka sha. Kashegari ma haka. A rana ta uku aka yi sulhu: za a riƙa rufe gidan tarihi duk lokacin da za a yi daka, a buɗe in an wanke turmi.

Maƙwabta suka fara leƙowa, da farko don dariya. Sai suka lura Baba ba ya ƙin komai in dai ya tsufa. Garba makanike ya turo Vespa marar inji da ta tare masa shago. Wata ta kawo firij da ya mutu tun zamanin soja. Martha mai ɗinki ta kawo gunkin gwada riguna, wanda dama ba shi da kai, Baba kuwa ya rungume shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya, ya ba shi wuri mafi kyau kusa da taga. Matsalar ita ce masu kayan ba su saki gaba ɗaya ba. Garba kan zo ya kwance noti ɗaya ya tafi. Martha kan zo aron gunkinta in Kirsimeti ya matso. Mai ziyara zai iya zuwa ya tarar rabin tarihin Makera ya fita aiki, sai yamma zai dawo.

Labari ya kai kunnen Honarabul Benson. Ya aiko cewa zai zo ya ƙaddamar da wurin, tunda shi ya tura Baba ƙasar waje ya koyo. Ya zo da masu kalangu da mai ɗaukar hoto. Ya yi jawabi cewa wannan yana cikin romon dimokuraɗiyya da ya kawo wa mazaɓarsa, kuma nan gaba Turawa za su riƙa sauka a Makera da jirgi. Aka miƙa masa almakashi, ya duba bai ga ƙyallen yankawa ba, sai ya datse igiyar shanyar Rhoda. Aka tafa. Rhoda ba ta tafa ba. Jama'a kuma da suka ga igiya ta faɗi sai suka ɗauka an halatta taɓawa, suka shiga shafa komai, wani ya hau Vespa aka ɗauke shi hoto. Baba ya bi su yana roƙo, yana mayar da kowane abu wurinsa. Da yamma ya ƙulla igiyar a tsakiya, ƙullin yana nan har yau.

Bayan 'yan shekaru masaƙar ta rufe. Aka sa kwaɗo a get, ciyawa ta fito a filin da ma'aikata ke ajiye kekuna. Mutanen da suka saba tashi da jiniya suka rasa inda za su da safe. Ɗaya bayan ɗaya suka fara biyowa ta gidan Baba, wai sun zo ganin ƙoshiya. Sukan tsaya a gaban igiya su dube ta, abin da suka riƙe da hannunsu shekara da shekaru, kowa na magana ƙasa ƙasa. Wani ya kawo hularsa ta aiki, wani ya kawo ƙyallen atamfar ƙarshe da injinsa ya fitar. Daga baya suka kawo benci, suka mai da ƙofar gidan wurin zama, suna musu a kan wane sashe ne ya fi wahala.

Rhoda ta duba ta ga maza sun cika mata ƙofa tun safe ba abin da suke sawa a ciki. Ta fara dama kunun zaƙi tana fitowa da shi a bokiti. Daga nan ra'ayinta game da tarihi ya sauya. Ita ce ta fara share ɗakin, ita ce ta hana Garba kwance noti, kuma da gwiwar Baba ta fara ba shi wahala, ita ta karɓi zagayawa da baƙi.

Wata rana Malama Irene, mai koyarwa a wata firamare a Mahuta, ta kawo 'yan ajinta. Baba na zaune a kujera bakin ƙofa, Rhoda ta shige gaba da su. Ta nuna randar da ta tsage.

"Wannan randa ta yi shekara dubu biyu," in ji ta.

"Maman Jemimah," Baba ya ce daga inda yake, "a Kasuwar Barci muka saye ta, shekarar da aka haifi Phoebe."

"Wanda ya sayar mana ya san shekarar da aka gina ta?"

Baba ya yi tunani, ya ce bai tambaye shi ba.

"To ka zauna ka huta."

Ta wuce da yaran wajen firij. Malama Irene ta tambaya ko shi ma ya kai dubu, Rhoda ta ce a'a, wannan sabo ne, bai wuce ɗari uku ba. Yaran suka rubuta. Baba Shekari ya buɗe baki zai yi magana, sai ɗaya daga cikin tsofaffin abokan aikinsa ya miƙo masa kofin kunu, ya ce ya sha tun da sanyinsa.