Jinin Malam Sabi'u Direba

Ban taɓa mantawa da safiyar da Dakta Hannatu ta sauko ɗakin gwaji da kwalbar jini a hannunta ba. Ita ce babbar likitar masu ciwon daji a asibitinmu, 'yar kudancin Kaduna. Ni kuwa ban daɗe da zama shugaban sashen gwajin jini ba.

Jinin na Malam Sabi'u ne, direban tirela, ɗan Funtuwa mazaunin Rigasa. Daji ya kama masa fankiriyas, wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi, har ya kai ga hanta. An yi masa allurar daji, ta galabaitar da shi, ga shi lokacin yi masa wata allurar ya zo.

Ta ce, "Malam Bala, mutumin nan ya tambaye ni, ya tsaya a ci gaba ko ya tafi gida wurin tsohuwarsa. Ba na son in amsa masa da ka."

Ga waɗanda ba aikinsu ba, a irin wannan hali alamun kumburi muke dubawa a jini. Mukan ƙirga fararen ƙwayoyin jini iri biyu mu ga wanne ya rinjayi wanne, mu kuma auna wani sinadari da hanta ke saki idan jiki na fama. In alamun sun hau ƙwarai, galibi tafiyar ba ta da nisa.

Injin ƙirgarmu ya tsaya a makon, sai na shafa jinin a gilashi na ƙirga da ido ta madubin gwaji. Alamun sun hau. Amma yana da zazzaɓi, zazzaɓi kuwa kan ɗaga su. Muka yi shawara da Dakta aka fara maganinsa, da ya sauka na sake gwadawa. Ba abin da ya canza.

Ni na kai sakamakon, don haka a gabana ta zauna bakin gadonsa.

Ta ce, "Baba, rana sai Allah. Amma jininka ya nuna jikin ya gaji, allurar nan wahala za ta ƙara maka."

Ya ce, "Likita, kin kyauta da ba ki ɓoye min ba. A haɗa min maganin ciwo, in je in ga Inna tun ina iya zama."

Bayan Babbar Sallah matarsa ta zo har ɗakin gwaji. Ta ce ya samu ya zauna a ƙofar gida ya gana da kowa, ya yi wasiyya da bakinsa, kuma kansa na kan cinyar mahaifiyarsa ya cika.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa, kada ku raina kwalbar da aka ajiye muku. Ba mu warkar da Malam Sabi'u ba, amma mun ba likita gaskiyar da za ta tsaya a kai, shi kuma ya zaɓa da idonsa biyu. Ina alfahari da wannan aikin har gobe.