Mai Alli da Inuwar La'asar

Surukina ya yi shekara talatin da ɗoriya yana kafa wa mutane rumfa a gidajensu, irin ta yadi mai kauri da ake ja a ɗaure kusurwoyinta a bango ko a sandar ƙarfe. A unguwa Mai Alli ake ce masa. Ni Baba nake ce masa, tunda ɗansa na biyu nake aure, kuma a gidansa muke zaune.

Sunan ya samo asali ne daga yadda yake aiki. In ka kira shi, ranar farko ba zai zo da tsani ba, ba zai zo da injin huda bango ba. Kujera zai roƙa, ya zauna a tsakar gidanka tun hantsi har rana ta yi sanyi, da guntun alli a aljihu. Duk bayan awa ɗaya sai ya tashi ya ja layi a ƙasa, daidai inda inuwar bango ta tsaya. Yana yi yana tambaya: wa zai zauna a nan, da wane lokaci, ina yake son ya fuskanta? Sai washegari yake auna yadi. Masu gida da yawa sun gaji da shi. Wata mata ta taɓa ce masa ita rumfa ta nema, ba baƙo ba. Da samari suka shigo sana'ar, masu zuwa da safe su gama kafin azahar, kiransa ya yi ta raguwa. Daga baya gwiwa ta hana shi hawa tsani, ido ma ya fara ja da baya. Ya tattara kayan aikinsa a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado.

Gidansa kuwa bai taɓa buƙatar rumfa ba, don akwai tsohuwar bishiyar mangwaro a tsakar gidan. Saiwarta ce ta fasa bututun ruwa har sau biyu, aka sare ta, ya rage kututture kawai. Ba a cika shekara da sarewar ba Inna, matarsa, ta faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

Daga ranar nan rayuwata ta koma jan kujera. Inna ba ta yarda da zaman ɗaki. In aka bar ta ciki sai ta juya wa bango fuska ta ƙi cin abinci. Wuri ɗaya take so, jikin bangon gabas, inda take hango ƙofar gida ta ga mai shiga da mai fita. Da safe bangon yana ba ta inuwa. Da hantsi ya ɗaga kuwa, wurin ya zama kasko. Sai in ja ta zuwa bakin ɗaki, daga can zuwa gindin tankin ruwa, daga can zuwa bayan kicin, inda inuwar yamma take amma ba a ganin ƙofa. Nan take fara buga hannun kujera da hannunta mai lafiya, har sai an mayar da ita. Inna ba ƙaramar mace ba ce, ni kuma ba ƙatuwa ba ce. Ga wankin zannuwan gadonta kullum, ga girki, ga yara uku. Akwai lokacin da in na sunkuya, sai na dafa gwiwa kafin in miƙe.

Wata Lahadi Yaya Babba, babbar 'yarsu, ta zo ba sanarwa. Ina cikin wanka, ta tarar da Inna a rana, gumi ya jiƙa mata wuya, idonta ya yi ja. Ba ta yi mini faɗa ba, wanda da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta tara ƙannenta ta ce, "Nan da sati biyu zan zo in ɗauke ta. Gidana akwai sanyi, akwai mai kula da ita. Ba zan zuba ido rana ta ƙarasa mini uwa ba."

Gidan Yaya Babba a bene hawa na uku yake. Inna ba za ta ƙara ganin ƙofar gida ba, Baba kuma da gwiwar nan ko hawa ɗaya ba zai iya ba. Shekara arba'in da shida suna tare. Yana zaune a wurin aka yi maganar, yana murza hularsa a kan cinya. Ni kuwa ban musa ba, kuma ba zan ɓoye dalili ba: wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Na gaji, gajiyar da barci ba ya sauke ta.

Ranar Asabar maigidana da Auta, ƙaninsa, suka dawo daga kasuwa da rumfa sabuwa dal a cikin leda, mai kusurwa huɗu, ruwan ƙasa, da ƙugiyoyinta da igiyoyinta. Auta ya kalli yadda ake kafawa a waya, har sau biyu ma, in ji shi. Baba ya fito yana dogara sanda, ya shafa yadin, ya ja bakinsa da yatsa biyu.

Ya ce, "Yadin mai kyau ne. Amma ku bari mu ga rana tukuna."

Auta ya yi dariya. "Baba, ranar da muke gani kullum? Ai ba sabuwa aka kawo ba. Ka je ka huta, yanzu za mu gama."

Sun gama kuwa. Kafin azahar rumfa ta tsaya a miƙe, shimfiɗe kamar faranti, daidai saman kujerar Inna. Aka ɗauki hoto aka tura wa Yaya Babba. Maigidana ya tsaya ƙarƙashi ya riƙe ƙugu, yana kallona in yaba. Na yaba.

Wajen ƙarfe biyu inuwar ta fara zamewa. Ta bar ƙafafun Inna, ta bar cinyarta, ta hau bango. Kafin la'asar ta tsallaka gidan maƙwabci gaba ɗaya. Inna tana ƙarƙashin rumfa, rana tana dukanta ta gefe har cikin kunne. Maƙwabcin ya leƙo ta saman bango ya ce Allah ya saka da alheri, yau kajinsa sun samu wurin hutawa. Maigidana ya ce za a gyara in an samu lokaci. Ranar Litinin ya tafi aiki, Auta kuma wayarsa ta daina shiga.

Ranar ina jan kujera zuwa bayan kicin, ƙafarta ta maƙale a tsagar siminti, bayana ya amsa. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na ce, "Gida da mai sana'a a ciki, amma kaji ne ke shan inuwa." Da na ɗago, Baba yana bakin ƙofar ɗakinsa. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ya juya ya koma ciki, na ji ƙarar jan akwatin ƙarfe.

Washegari tun ina shara ya fito da kujerarsa da malafa, ya zauna a tsakiyar gida. Ya ce, "'Yar nan, yau kada ki zuba ruwa a ƙasa, kada kuma ki sake shara." Wuni guda ya yi a wurin. Duk awa sai ya sauka a kan gwiwar nan mai ciwo, ya kai fuskarsa kusa da siminti don ya ga bakin inuwa, ya ja layi, sannan ya kama sanda ya miƙe da ƙyar. Na kai masa abinci ya ci a cikin rana. Na yi ta tsallake layukansa da bokiti a hannu, ina jin haushin kaina, ina jin haushinsa, don ban ga abin da zanen alli zai hana Yaya Babba yi ba. Inna kuwa ranar ba ta buga kujera ko sau ɗaya ba. Shi take kallo.

Da yamma ya kira ni, ya nuna mini kututturen mangwaro da bakin sanda.

"Da bishiyar nan tana nan, a ina Innarku take zama?"

Na ce, "Inda take zama yanzu."

"To bishiyar a kanta take?"

Na duba. Tsakanin kututturen da kujerar akwai taku biyar, kuma yana yamma da ita. Shekara goma ina wucewa ta wurin ban taɓa lura ba.

Ya ce, "Yaran nan sama suka rufe. Ranar da ke cutar mutum ba daga sama take zuwa ba, ta gefe take shigowa, bayan azahar. Kina iya hawa tsani?"

Ban taɓa hawa tsani ba a rayuwata. Na ce zan gwada.

Wani mai walda, tsohon abokin aikinsa, ya kawo sandar ƙarfe mai kauri ya haƙa mata rami a gefen kututturen. Baba ya sa aka ɗan kishingiɗar da ita baya, wai in yadi ya ja ta sai ta tsaya daidai. Aka zuba siminti, ya hana kowa taɓa ta kwana uku. Ranar Juma'a na ɗaure zanena tamau, na hau. Injin huda bango yana neman ƙwace wa hannuna, ƙura tana shiga mini ido. Baba yana ƙasa ya riƙe tsanin da hannu biyu, ba ya ganin abin da nake yi sosai, amma yana jin sautin. "Kin taɓa bulo mai rami, matsa dama kaɗan." Na matsa, sai ga wuri mai ƙarfi.

Muka kwance aikin su Auta gaba ɗaya. Kusurwa biyu na gabas ya sa na ɗaga su sama. Na yamma kuwa ya sauke su ƙasa sosai, ɗaya a sandar, ɗaya a bangon kicin, har sai da na ce masa rumfar ta karkace. Ya ce haka ake so, ta tare rana, ruwan sama kuma ya samu hanyar gangarewa kada ya taru ya yi mata tumbi. Ɗaurin ƙarshe shi ya yi da kansa. Yana murɗa ƙarfen ɗaurin da sifana, yana buga yadin da tafin hannu, yana saurare, har ya ji abin da yake so.

Na ɗauka mun gama, sai ya zaro wani tsohon yadi mai kusurwa uku daga akwatinsa, ragowar wani aiki, launinsa duk ya koɗe. Ya ce in ƙara hawa. Na ce, "Baba, wannan kuma na mene ne? Ai Inna ta samu." Ya ce wata 'yar kafa ce zai toshe. Na hau ina gunaguni a ciki, na ɗaure inda ya nuna, can gefe, nesa da kujerar. Da maigidana ya dawo ya daɗe yana kallon rumfar, sannan ya ce a ganinsa ta ɗan karkace.

Yaya Babba ta zo ranar Lahadi da la'asar, da mota, da jakar da za a zuba kayan Inna. Ta shigo ta tarar da uwarta a jikin bangon gabas, tana fuskantar ƙofa, ta yi barci baki buɗe. Baba yana gefenta yana kore mata ƙuda da mafici. Yaya Babba ta taɓa wuyan Inna, ta taɓa hannun kujerar. Ta ɗaga kai ta kalli rumfar, ta kalli layukan alli da suka rage a ƙasa. Ta ce a ba ta kujera. Na san abin da take jira, ranar take jira ta shigo. Ta zauna har rana ta faɗa bayan kicin, ba ta shigo ba.

Da Inna ta farka ta ga jakar, ta kalli 'yarta, ta ɗora hannunta mai lafiya a kan gwiwar Baba ta bar shi a wurin. Yaya Babba ta miƙe ta ɗauki jakarta yadda ta zo da ita. A bakin ƙofa ta ce mini, "Sannu da ƙoƙari." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Na yi murna, Allah ya sani. Amma da na rufe ƙofa na jingina da ita, sai na tuna cewa ba abin da ya ragu a kaina sai jan kujera. Ɗagawa da kwantarwa suna nan, wanka yana nan, wanki yana nan, kuma ba ranar ƙarewarsu da zan so in gani.

Washegari bayan azahar na kwaso zannuwan gadon Inna na tsuguna a bakin famfo, inda nake tsugunawa kullum a wannan lokacin. Na yi nisa da cuɗawa kafin na lura ƙeyata ba ta zafi. Na ɗaga kai. Tsohon yadin nan mai kusurwa uku ne, inuwarsa ta sauka daidai kaina da bahon wanki. Na janye bahon, sai ga alamar alli a ƙarƙashinsa, ruwan sabulu ya fara cinye ta.

Na juya. Baba yana gefen Inna, idonsa a lumshe.

Na ce, "Baba, ni ai ba ka tambaye ni inda nake zama ba."

Bai buɗe ido ba ya ce, "Ke ai ba ki zama, 'yar nan. Nan ne kaɗai na ga kin daɗe."

Na mayar da bahon wurinsa. Hawaye suna ɗiga cikin kumfa, ban share ba, don hannuna duka biyu sabulu ne. Saura zani uku, na ci gaba da wankina.