Saƙon da Na Kai Yasore

Na daɗe ina koyar da darasin addini a wata firamare a Batsari, kuma duk ajin da ya biyo ta hannuna sai na yi masa burga da kalmar mala'ika. Nakan ce daga Larabci muka aro ta, kuma malamai sun ce tushenta aike ne, wato mala'ika ɗan aike ne. Babbansu ma, Jibrilu, an san shi da amanar saƙo: abin da aka ba shi shi yake isarwa, ba ragi ba ƙari. Ina faɗi ina kaɗa alli kamar na san nauyin abin, ashe a baki kawai na san shi.

Mahaifinmu ya rasu da hantsi, tsakiyar damina. Ƙanwa guda ta rage masa a duniya, Goggo, tana zaune a ƙauyen Yasore, ga shi an kira wayarta har an gaji ba ta shiga. Dattawa suka ce ni zan ɗauko ta a babur, ta gan shi ta yi masa addu'a kafin a fita da shi. Liman ya ja ni gefe.

"Malam, kada ka faɗa mata a can. Tsohuwa ce, ga hawan jini. Ka ce jikin ne ya tsananta, yana nemanta. Za mu jira ku zuwa azahar, amma ka ga hadarin nan, ba za mu wuce haka ba."

Haka ake yi a wajenmu, ba a jefa wa tsoho labarin mutuwa kai tsaye. Ni kaina na sha yabon wannan al'ada.

Na iske ta a tsakar gida tana tsinkar zogale. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan na faɗi abin da aka ce in faɗa.

"Allah sarki Yaya," in ji ta. "Na san ba ya cin girkin matan nan naku. Bari in dama masa kunun tsamiya. Tun muna yara, in yana ciwo shi kaɗai yake iya sha."

"Goggo, mu tafi, a dama a can."

"Kai ɗan nan, gaggawa aikin Shaiɗan ce. In je gaida marar lafiya hannu rabbana?"

Ta jiƙa tsamiya, ta ɗauko gari. Itacen ya sha ruwa, wuta ta ƙi kamawa, ta duƙa tana hurawa tana tari, tana ba ni labarin yadda Yayanta yake goya ta in za su ƙetare rafi. Ina zaune ina kallon inuwa tana gajarta. Sau uku na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, na fasa. A lokacin ce wa kaina nake yi tausayinta nake ji, kuma umarnin manya nake bi. Yau na san tsoro ne. Tun safe ban furta da bakina cewa mahaifina ya mutu ba, kuma na fi son in zauna cikin hayaƙin nan, inda har yanzu marar lafiya ne da ake dama wa kunu. Liman ya ce in sassauta mata, bai ce in bar ta ta makara ba. Wannan ni na ƙara.

Da ta gama ta juye kunun a fulas, muka hau babur. Muna hanya ruwa ya sauko. Muka fake a wata rumfa, daga nan kuma laka ta riƙe mu. Ta naɗe fulas ɗin a cikin mayafinta, ta rungume shi kada kunun ya huce.

Muna shan kwanar layinmu muka yi kiciɓis da maza suna dawowa, takalmansu duk jar ƙasa, biyu na ɗauke da makara ba kowa a ciki. Na ji hannunta ya saki rigata. Ta sauka a hankali, ta yi salati, ta daɗe tana duban tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida. Sannan ta juyo gare ni, ba faɗa a muryarta.

"Tun muna can ka sani?"

"Na sani, Goggo."

"Da ka faɗa mini, ɗan nan, da ban tsaya hura wuta ba. Fuskarsa kawai nake so in gani."