Layukan da Aka Bar wa Cuta

Cikin duk ranakun aikin nan, wadda ta ƙi barin raina ita ce wata safiya a Katabu, daminar da nake ƙaramar jami'ar gwaji.

Maganin da muke gwadawa furotin ne da wasu ƙwayoyin bakteriya ke fitarwa su kashe 'yan'uwansu, masu sa ganyen tumatir ɗigo-ɗigo har ya ƙone. Ƙa'idar gwaji ita ce a fesa wa rabin gona, a bar rabi ko da zai mutu, don a kwatanta. In babu bambanci babu sakamako, kuma da sakamakon nan za a tabbatar mini da aikina.

Gonar Malam Isuhu muka samu, wani dattijo malamin allo. Na ɗaura jan ƙyalle a layukan da ba za a taɓa ba, na bar masa magani da famfon feshi, don zuwa kullum daga gidanmu a Unguwar Shanu ba wasa ba ne.

Ranar da na koma duba sakamako an yi ruwa da asuba. Gonakin maƙwabta duk sun kamu da cutar. Tasa kuwa, tabarkalla! Kore shar har inda ido ya tsaya, raɓa na lilo a bakin ganye, ƙamshin tumatir ya cika iska. Na dinga ratsa layuka kamar mai tafiya cikin barci. Sai da na ga jan ƙyalle a jikin shuka lafiyayya, na tsaya cak.

"Baba, waɗannan fa?"

"Na ƙara wa maganin ruwa ya ishi kowa, 'yata," in ji shi. "Rana ɗaya na dasa su. In ba wannan magani, wancan yana kallo? Me zan ce wa Ubangiji?"

Wallahi na so in yi faɗa. Amma sai na zauna kan kunyar gonar, ina dariya ina hawaye.

Dakta, shugaban sashenmu, ya ga hotunan gonar ya ce, "Hadiza, kyan gona ba ya shiga rahoto." Sai da na ƙara shekara ina jiran a tabbatar mini da aikin, kuma ta yi mini ciwo.

Don haka, ku yara sababbin jami'an gwaji, kada ku sa manomi ya zuba ido shukarsa ta mutu. Layukan cuta a filin ofis muke yin su yanzu, mu da ba mu san su tun suna iri ba.