Uwar da Ta Hana Ɗanta Fita Daga Ruwa

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin fito daga Kaohsiung zuwa Cijin don shan iskar teku ya san muryar Ang Siok-kheng, ko da bai san sunanta ba. Gasasshen kifi take sayarwa can ƙarshen rairayi, bayan inda tutocin masu ceto suka ƙare, wurin da babu mai hankalin da zai kafa rumfa don ciniki. Ga ta 'yar firit, amma in ta buɗe baki har karnukan unguwa sai sun miƙe.

"Kai mai jan wando! Fito nan! Uwarka ta haife ka ne don ka zama abincin ƙaguwa?"

Baƙi mahaukaciya suke ce mata. Mu 'yan tsibirin ba ma faɗa, don mun san abin da ke gaban rumfar. Dama da hagu igiyar ruwa na fashewa da farin kumfa, amma daidai nan ruwan kwance yake luf, kamar an shimfiɗa tabarma. Shi ya sa baƙo nan yake zaɓa. Alhali kwararo ne da ruwan da ya bugi gaɓa yake bi ya koma teku, ya yi gaba da duk wanda ya tarar.

Nan ɗanta Bun-hiong ya faɗa, bai daɗe da gama aikin soja ba, don ya ciro wata baƙuwa. Baƙuwar ta tsira. Shi kuwa sai da dangi suka rubuta sunansa a jikin kankana suka jefa a ruwa, kamar yadda ake yi a nan in ana neman wanda ya nutse, uwar na kiransa har muryarta ta dushe, sannan teku ya ga dama ya maido da gawar.

Gawa ta dawo, amma tsofaffin Cijin sun ce wanda ruwa ya ci ba ya fita. Kurwarsa na nan cikin sanyi, ba ta wucewa a sake haihuwarta sai ta jawo wani ya maye gurbinta. Siok-kheng ta yarda da haka har cikin ɓargonta. Ta san ranar da wani ya nutse a kwararon nan, ranar ɗanta zai huta. Da saninta ta ɗauko murhu ta dasa a gaban wurin, ta shiga korar mutane, har gashinta ya yi fari.

Tio Kim-hok mai ba da hayar laima, maƙwabcin rumfarta, shi kaɗai ke iya tsokanarta.

"Yaya, ke fa kin fi gandiroba tsanani. Ki ɗan zaga bayan gida mana, ko yaron ya samu sa'a!"

"Ka shiga kai mana, Kim-hok. Da wannan tumbin ko fatalwa ba ta iya jan ka, sai dai bayanta ya ƙage."

Sai a yi dariya, ta juya kifinta, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Shekarar da gwiwoyinta suka gaza, 'yarta da ke aure a Tainan ta gyara mata ɗaki, aka tsayar za ta koma in watan bakwai ya fita. Watan fatalwa ke nan, wanda ɗan tsibiri ko idon sawunsa ba ya jiƙawa. Wata rana cikin watan, da la'asar, an kafa jar tutar hana shiga ruwa, rairayi fayau, sai ga wani magidanci mai furfura a gefen kai, yana warin giya, ya tuɓe riga a gaban rumfar. Ta daka masa tsawa kamar yadda ta saba.

"Tsohuwa, ji da kifinki," in ji shi. "Ni da nake iyo kullum a birni, wannan ruwan kwano zan ji tsoro?"

Ya shiga. Kim-hok na can nesa yana naɗe laimomi, masu ceto sun ba da baya. Siok-kheng ta buɗe baki za ta sake ihu, sai ta rufe. Ai ta faɗa masa. Kwanakinta a nan sun kusa ƙarewa, kuma ɗanta ya daɗe yana jin sanyi.

Ruwa ya kai wa mutumin ƙirji, ƙasa ta zame masa. Ya juyo yana iyo kai tsaye zuwa gaɓa, kamar yadda duk baƙo ke yi, yana ta ƙara nisa. Kifi na ƙonewa a kan murhu, ita kuwa tana tsaye, leɓunanta na motsi: "Karɓi, ɗana. Ga shi nan."

Sai kan mutumin ya ɓullo, bakinsa cike da ruwa, ya ƙwala kira. Ba masu ceto ya kira ba. Ƙato da furfurarsa, cewa ya yi, "Inna! Inna!"

Ba ta san lokacin da ta fizgo faranti ta shiga dukansa da ƙarfen juya kifi ba.

"Kar ka yi kokawa da shi, wawa! Bi gefe! Nufi wajen kumfa! Jama'a, ruwa ya ɗauki mutum!"

Masu ceto suka sheƙo, suka ciro shi yana aman ruwan gishiri. Da ya farfaɗo ya rarrafo zai yi godiya, ko kallonsa ba ta yi ba.

Rana ta yi ja lokacin da ta ɗingisa zuwa bakin ruwa da kwanon shinkafa da kifi don ɗanta, ta soka tsinken turaren wuta a rairayi. Kim-hok ya biyo ta, yau babu tsokana.

"Bun-hiong, ai ka gani," in ji ta, hawaye na zuba. "Na yi shiru, na gwada. Uwarsa ya kira. Ka yafe mini."

Ta daɗe a durƙushe, sannan ta miƙa wa Kim-hok hannu ya tashe ta.

"Ka kira mini 'yata, ka ce ta saka kayanta a ɗakin. Ba zan zo ba."

"Haba Yaya, da waɗannan gwiwoyin? Har yaushe?"

Ta dubi inda ruwan ya kwanta luf.

"Ni na hana shi fita, Kim-hok. Ai ba zan kuma bar shi shi kaɗai ba."