Hoton da Ba a Ɗauki Kowa Ba

Jama'a, yau na'ura ta nuna mana abin da ba mu tambaye ta ba!

Ni aka ba aikin haɗa sabuwar na'urar hoton ƙirji da rezon asibiti, wato layin sadarwar na'urorinsu. Na ja waya, ta kama. Likitar wurin, Lokotoro Hadiza, ta ce, "Malam Sani, gwada da wannan farantin hoto, ba a ɗauki kowa da shi ba."

Hoto ya fito bisa ordinatar, wato kwamfuta. Ga tabo baƙi ƙirin, dogo kamar bututu!

Na canza waya. Tabo na nan!

Ta ce, "Ina aka ajiye farantin?"

Na nuna tebur. Teburin na'urar na asali ya maƙale Agadas, motar kaya na jiran rakiyar soja. Shi ne na sa Ilu mai walda ya haɗa mana wani da tsoffin bututun mahaƙar uraniyum da ake saidawa kasuwa.

Ta aika aka kawo abin awon gubar uraniyum. Ana kara shi jikin tebur, sai ya kama kuka ba tsayawa!

Ta ce, "Kowa ya fita! Ina sauran ƙarfen?"

Na kira Ilu, na tambaye shi.

Ya ce, "Haba Malam, ai da shi na yi maka gadon yara."

Innalillahi! Auta na kwance bisansa yanzu haka.